Jakar takarda a Damagaram: inda za ta iya da leda da inda ba za ta iya ba

Wani matashi daga Garin Malam, wanda bai jima da gama jami'ar André Salifou ba, ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, leda ta cinye mana gari. Tana kashe awaki, tana toshe magudanan ruwa. Na ji ana yin jakar takarda da karan hatsi da tuƙar rake. Ina da ɗan jari a hannu. In na kafa wurin yin irin wannan jaka a nan Damagaram, za ta iya maye gurbin leda? Kuma zan ci abinci da sana'ar?"

Ƙanena, sana'a biyu ka haɗa a ƙunshi ɗaya. Yin takarda daban, yin jaka da takarda daban. Ta biyun za ka iya somawa a zauren gidanku kafin watan nan ya ƙare, kuma ina ganin akwai abinci a cikinta. Ta farkon kuwa, wato dafa karan gero har ya koma takarda, ba na ba ka shawarar ka zuba kuɗinka a ciki a garin nan. Dalilan na da yawa, amma sai ka san yadda ake yin takardar kafin su zauna maka.

Kowace takarda daga tsiro ta fito, har wadda ka rubuta jarrabawa a kanta. A jikin itace ko kara akwai siraran zare da ake kira selulos, akwai kuma wani danƙo mai suna lignin da ya manne su wuri ɗaya. Aikin masana'anta shi ne ta narkar da danƙon ta bar zaren. Ana daddatsa itacen, a dafa shi cikin soda mai ƙuna, irin wadda matan da ke haɗa sabulu suka sani, sannan a wanke, a sake wankewa, a dama shi da ruwa mai yawa har ya yi tsararo, a zuba a kan rariya, a matse, a busar. Takardar nan mai ruwan ƙasa ta buhun siminti, wadda ake kira kraft, da hanyar da wani mai suna Carl Dahl ya ƙirƙiro a 1879 ake yin ta, kuma har gobe ita ce mafi ƙarfi a kasuwa. Abin da ke ba ta ƙarfi tsawon zare ne. Itatuwan ƙasashen sanyi suna ba da zare mai tsawon milimita uku ko kusa da haka. Karan hatsi da tuƙar rake zarensu bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba. Shi ya sa jakar da aka yi da kara zalla ba ta jure nauyi, sai an gauraya ta da dogon zare. A cikin tsiran da muke da su, ɓawon rama ne ke da zaren da ya kusa kamo na itatuwan nan, kuma ba mamaki, tunda da shi kakanninmu ke tufka igiya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ruwa. Masana'anta ta zamani, wadda ke tace ruwanta tana maimaita shi, tana shan fiye da lita 10,000 kafin ta fitar da tan ɗaya na takarda. Ƙaramin wuri da ba shi da na'urar tacewa yana ninka haka sau da dama. Kai ɗan Damagaram ne, ba sai na ba ka labarin layin jarkoki a bakin famfo cikin Afrilu da Mayu ba, ko yadda kuɗin 'yan ga-ruwa ke tashi idan famfo ya ɗauke kwana biyu. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau daga wajen gari ake jawo mana abin da muke sha, daga Gogo da Machaya da Aroungouza. Wanda zai kafa sana'ar da ke shan ruwa haka a irin wannan gari, da maƙwabtansa zai fara samun matsala tun kafin ya samu da kasuwa.

Ruwan ma ba ya tafiya yadda ya zo. Bayan dafuwa abin da ke fitowa baƙi ne ƙirin, cike da soda da narkakken danƙo. Manyan masana'antu suna ƙafe shi su ƙona, su samu wuta, su kuma maido da sinadarinsu. Da kara wannan ya fi wuya, domin yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa da ke daskarewa a cikin bututu. Ƙasar Sin ta bi wannan hanya ta ga ƙarshenta: a shekarun 1990 sai da gwamnati ta rufe ɗimbin ƙananan masana'antun da ke yin takarda da karan alkama, musamman a yankin kogin Huai, saboda sun mai da koguna abin da ba ya shayuwa. In ka zubar da irin wannan ruwa a tabkin bayan gari ko a rami kusa da rijiya, ɓarnar da za ka yi ta fi ta ledar da ka fito yaƙa.

Sai maganar karan kansa. Masu rubuta takardun neman tallafi suna son kiran sa "sharar gona". Duk wanda ya ce haka bai taɓa neman dami ɗaya na karan dawa ba a ƙarshen bazara, lokacin da tumaki ke lasar ƙasa. Kara abincin dabba ne, shi ne darni, shi ne makamashin girki a ƙauye, wanda ya rage a gona kuma shi ke riƙe ƙasa kada iskar hunturu ta kwashe ta, gara ta ci shi ya koma taki. Kuma rabinsa ko ƙasa da haka ne ke zama takarda, sauran ya bi ruwan dafuwa. Ke nan don ka samu tan ɗaya sai ka saye fiye da tan biyu na busasshen kara, kana gasar farashi da makiyayi. Itace kuwa kada ma a soma. Manoman Damagaram da Maraɗi sun yi suna a duniya saboda barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gonakinsu, abin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Ba za mu sare wannan don ƙunshin ƙosai ba.

Tuƙar rake gaskiya ce ana yin takarda mai kyau da ita. A Indiya akwai babban kamfani a jihar Tamil Nadu, TNPL, da ya dogara da ita. Amma can masana'antun sukari ne ke tara tuƙar tsibi-tsibi a wuri ɗaya, a loda a mota a kai. Raken da ake kawo mana daga wajen Matameye shan baki ake yi, kowa ya tofar da tasa tuƙar inda yake tsaye. Wa zai bi tituna yana tsince maka? Tsiron da na san babu mai kuka in an yanke shi shi ne kachala, wadda ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru, kuma ko ita a bakin ruwan da take ya kamata a sarrafa ta, ba a nan ba. Ka duba Najeriya ma, da dazuzzukanta da kogunanta: ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, duk suka durƙushe, kuma har yanzu yawancin takardarta daga waje take saye. Mu dama tun zamanin fatake takarda baƙuwa ce gare mu. Malaman da suka rubuta tsofaffin littattafan da ke Birni da takardar Italiya mai tambarin wata uku suka yi aiki, wadda raƙuma ke ɗaukowa ta Tarabulus.

Yanzu abin da zai yiwu. Ka sayi takarda gamamma, ko naɗi ko fale-fale, ka yanka, ka ninke, ka manna. Kano na da nisan kilomita 240 ko kusa da haka, kuma a can ake samun kraft da takardar da aka sake sarrafawa. Kayan aikin farko ba su wuce tebur mai santsi ba, da wuƙar yankan takarda irin ta masu ɗab'i, da katakon awo na kowane girman jaka, da buroshi, da abin manni. Mannin kuwa kullun rogo da aka dafa ya isa, ko ƙaro, wanda muke da shi a yankinmu kuma almajirai ma sun san aikinsa a tawada. Kullun rogo a dafa na yini ɗaya kawai, don in ya kwana yana tsami ya daina riƙewa.

Nauyin takarda da giram ake auna shi a kan murabba'in mita ɗaya, kuma wannan lamba ita ce za ta gaya maka ko za ka ci riba. Bari mu yi lissafi tare. Takarda mai giram 80, kilo ɗaya zai ba ka murabba'in mita 12.5. Jakar cefane matsakaiciya tana cin falle mai santimita 50 da 40, wato giram 16. Ke nan kilo ɗaya jaka 62, in ka cire ɓarnar yanka ka ce 55. Ƙaramar jakar magani kuwa, falle mai santimita 20 da 25 a takarda mai giram 60, giram 3 kawai take ci, kilo ɗaya zai ba ka sama da 300. Je ka tambayi kuɗin kilo a Kano, ka ɗora kuɗin mota da na duwan da canjin naira zuwa sefa na ranar, ka raba. Za ka ga da idonka cewa ƙaramar jaka na iya fitowa a farashin da mai saye ba zai ji ba, babbar kuwa ba ta da yadda za ta yi gasa da baƙar ledar da mai tumatir a kasuwar Dole ke ba ka kyauta. Shi a ɗaure yake sayen ta, guda ɗaya ba ta kai masa dala ba. Kada ka ɓata lokacinka kana yi masa wa'azin muhalli alhali ribarsa a kan kashin tumatir ba ta fi kuɗin jakarka ba.

Masu sayenka su ne waɗanda ƙunshi ke ƙara wa kayansu daraja, kuma kayan busassu ne. Masu shagon magani. Masu gidan burodi. Matan da ke yin alkaki da dubulan na biki ko na tsaraba. Masu dabino, masu yaji da garin zogale, masu turaren wuta, teloli da masu shagon atamfa, dukawan da ke sayar da takalma da jakunkunan fata ga baƙi. Irin waɗannan in ka buga musu sunan shago da lambar waya a jikin jakar, tallar da suke samu ita suke biya, takardar ta zama gyara. Tambarin roba da tawada mai narkewa a ruwa ya isa a farko. A nan riba take, kuma a nan ne jakar takarda ke raba mu da leda da gaske, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Inda ba za ta iya ba kuwa, gara ka sani tun yanzu. Koko, kunu, fura da nono, miya, manja, ɗanyen nama, ƙanƙara, ruwan leda da muke sha a tasha, babu ɗaya da takarda za ta riƙe. Ruwa yana kwance haɗin da ke tsakanin zarurrukan, jakar ta saki. Kuma in ka lura da kyau, irin waɗannan ledoji su ne mafi yawa a cikin abin da ke kwance a magudana. Za a zo maka da takarda mai sheƙi a ce ba ta jiƙewa. Yage gefenta a hankali. In ka ga wata siririyar fata ta miƙe tana ja kafin ta tsinke, roba ce aka shimfiɗa a kai, leda ce sanye da rigar takarda. Ba ta ruɓewa duka, ba a kuma iya sake sarrafa ta cikin sauƙi. Haka ledar da ake rubuta wa cewa tana narkewa da kanta: wata iri sinadari kawai aka sa mata don rana ta farfasa ta ta zama ɓurɓushi, robar na nan a cikin ƙasa, kuma Tarayyar Turai ta haramta irinta tun 2021. Wadda ake yi da masara, mai suna PLA, tana bukatar zafi kusan digiri 60 da danshi a wurin haɗa taki na musamman kafin ta ruɓe. A jujinmu za ta zauna kamar kowace leda.

Maganar abinci mai maiƙo tana bukatar a tsaya a kanta, don a nan ne mutane ke cutuwa ba su sani ba. Mun saba ganin mai tsire ko mai kilishi ya yago takardar buhun siminti ya karkaɗe ta a cinyarsa ya naɗe nama, mai ƙosai kuma ta ɗauko tsohuwar jarida ko takardar jarrabawar 'yan lakwal. Dabarar ta nuna takarda na iya aikin, amma ba wannan takardar ba. Fallen da ya taɓa siminti ba na abinci ba ne, komai karkaɗawa. Tawadar jarida kuwa tana da man da ke narkewa cikin mai mai zafi ya shiga abincin, shi ya sa hukumar kula da abinci ta Indiya ta hana ƙunsa abinci a jarida. Takardar da aka sake sarrafawa ma tana ɗauke da ragowar tsohuwar tawada, don haka ka bar ta ga takalma da atamfa, ko abin da ke da nasa ƙunshin a ciki. Duk abin da zai taɓa abinci kai tsaye, sabuwar kraft ta abinci za ka nema, ka kuma nemi dillalin ya nuna maka shaidar haka a rubuce. Akwai kuma takardar da mai ba ya ratsa ta saboda an shafa mata sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa lalacewa a ƙasa kuma suna taruwa a jikin mutum. Danmak ta hana su a takardar abinci a 2020. Ɗiga man gyaɗa a kan samfurin da aka ba ka. In ɗigon ya tsaya dunƙule ya ƙi shiga, kuma ba roba ba kaki a jikin takardar, ka yi tambaya sosai kafin ka saya. Jakar da mai ya ɗan ɓata ta ya fi mini wadda ban san abin da aka shafa mata ba.

Ka ce kana son abin da ba ya cutar da muhalli, to ga wani bincike da ya kamata ka sani, don wata rana wani zai jefe ka da shi. A 2011 hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto da ya kwatanta jakunkunan cefane. Ta gano cewa ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi amfani da jakar takarda sau 3 kafin ta yi daidai da siririyar leda da aka yi amfani da ita sau ɗaya, jakar auduga kuwa sau 131. Dalili a fili yake: jakar takardar da suka auna ta kai giram 55, ledar kuma kusan giram 8, ga wuta da ruwan da aka ƙona wajen yin ta, ga nauyin dako. Lissafin gaskiya ne, kuma ya isa ya hana ka rubuta wa jakarka kirarin da ba ta cancanta ba. Sai dai an yi shi ne a ƙasar da mota ke zuwa ƙofar gida ta kwashe shara. Bai auna abin da mahauci ke gani a kwata ba. Je ka da sassafe ka tsaya a gefen mai feɗe akuyar cikin gari. In ya farka tumbi, wani lokaci abin da zai zaro dunƙule ne na baƙar leda da igiya da tsumma, sun murɗe sun yi tauri, sai ya sa hannu biyu. Akuyar tana raye cikinta a kumbure yake, ƙashin bayanta a waje, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza. Takarda kuwa selulos ce, irin abin da ke cikin ciyawa, kuma ƙwayoyin halittar da ke tumbin dabba suna iya narkar da ita. Ba abinci ba ce, amma ba ta tsayawa ta toshe ciki. Wadda ta faɗa magudana ruwan farko zai mai da ita dagwalo, wadda ta faɗa gona gara ta gama da ita. A wurinmu wannan bambancin ya fi lissafin hayaƙi nauyi, kuma a kansa nake goyon bayan sana'arka.

Game da doka kuwa, kada ka gina lissafinka a kanta. Nijar na da doka tun 5 ga Nuwamba 2014, mai lamba 2014-63, da ta hana yi da shigowa da sayar da siririyar leda da amfani da ita. Ka leƙa kowace kasuwa ka ga yadda ake bin ta. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma a can abin ya kama ne saboda ana bincike a kan iyaka ana cin tara mai zafi. Mu da muke da doguwar iyaka da Najeriya, kaya na shigowa ta Magarya da Matameye dare da rana, sai ranar da hukuma ta ɗaura ɗamara. In ranar ta zo kana da wurin aiki a tsaye, ka sha gaban sauran. In ba ta zo ba, sana'arka ta iya tsayuwa da ƙafarta.

Don babban cefane kuma, ni da zan zaɓa, kwandon kaba na fi so a kan jakar takarda kowace iri. Goriba na nan, matan karkara sun iya saƙa, ba ruwan da ake ɓatawa, ba soda, kwando ɗaya kuma ya yi shekara yana zuwa kasuwa. Haka jakar da tela zai ɗinka da ragowar yadi ko tsohon buhun shinkafa. Ba abin da zai hana ka sa su a cikin hajarka, ka sayo daga masu saƙa ka ɗora musu hannu mai ƙarfi. Koko da fura kuwa maganinsu kwano ne daga gida, kamar yadda iyayenmu ke aiken mu da shi.

Kafin ka sayi takarda da yawa, karɓo 'yan fale-fale ka gwada. Yage ta tsaye, ka yage ta kwance: za ka ga ɓangare ɗaya na tafiya a miƙe, ɗayan na karkacewa. Wanda ke tafiya a miƙe shi ne hanyar zare, kuma ta nan takarda ta fi jure ja, don haka hanyar zaren ta bi tsawon jakar daga baki zuwa gindi. Haɗa jaka goma, zuba tiya ɗaya ta gero a kowace, rataye su a ƙusa su kwana, washegari ka ɗauka ka yi tafiya da su kana lilo. Yawanci gindi ko wurin hannu ne ke fara saki, kuma ƙaramin falle da za ka ƙara mannawa a wuraren nan ya fi arha a kan sayen takarda mai kauri. Ka maimaita gwajin cikin Agusta, domin danshin damina na sassauta takarda, busasshiyar iskar hunturu kuma na sa ta tsage a kan ninki. Wurin ajiya ya zama a kan katako, nesa da bango da ƙasa, don gara na iya cinye maka jarin wata guda cikin 'yan kwanaki, kyankyaso kuma na bin ƙamshin kullun rogo. Sai ka ɗauki samfurin ka zaga shagunan magani da gidajen burodi na Sabon Gari da Zango, ka karɓi odar mutum biyar ko shida da ɗan kafin alƙalami, sannan ka hau motar Kano.